Yadda zaka haɗa fawa saflai mai bolt 13.8 na rediyon oba-oba da hannunka

Salamu alaikum 'yan uwa masu harkar rediyo. Ni a wani ƙauye nake kusa da Ringim, sana'ata gyaran rediyo da talabijin da su caja, to daga nan ne sha'awar rediyon magana ta kama ni, wato oba-oba irin ta masu lasisi da alamar kiransu ke farawa da 5N a nan Najeriya. Duk wanda ya shiga harkar nan abu na farko da zai ci karo da shi ba eriya ba ce, wuta ce. Rediyoyin nan na mota da na tebur kusan duka bolt 13.8 suke so, wuta mai tsabta wadda bata rawa, kuma da ka danna makirfo sai su zuƙi amfiya da yawa lokaci guda. Ta mota mai wat 50 da ake magana da ita a kan 144 zuwa 146 MHz tana jan wajen amfiya 10 zuwa 11, babbar nan mai wat 100 ta dogon zango kuwa tana wuce amfiya 20.

Wani zai ce ai ga ƙananan fawa na kyamara da na fitilar LED a kasuwa da araha, me zai sa in wahala? Na gwada su. Bolt ɗin yana fita daidai, amma da ka murɗa zuwa 7 MHz sai kaji shuuu kamar ana suyar ƙosai a cikin sifika, muryar da take nesa duk ta nutse, saboda irinsu yanka wuta suke da sauri sosai kuma wannan yankan shi ne yake zama hayaniya a rediyo. Mai taransifoma yana da nauyi yana da zafi amma shiru yake, kuma in ya lalace kai da kanka zaka gyara shi a ƙauye ba sai ka hau mota zuwa birni ba.

Kafin in shiga lissafi bari in faɗi abin da yasa na zauna rubuta wannan. Na farkon da na haɗa yayi aiki wata da watanni lafiya lau, ranar wata Asabar cikin zafin Afrilu da rana tsaka ina cikin magana sai naji wani ɗan ƙauri, fuskar rediyon tayi haske fiye da kima sannan ta mutu. Taransista ɗaya ce ta ƙone, kuma ita in zata mutu yawanci haɗewa take yi ta ciki ta zama kamar waya, to sai ɗanyar wutar nan bolt 24 ta wuce kai tsaye cikin rediyon da na daɗe ina tara kuɗinta. Wallahi ranar ko abinci ban iya ci ba. Don haka duk abin da zan faɗa a ƙasa, ka gina shi ne da tunanin ranar da zai lalace, ya mutu shi kaɗai kada ya tafi da rediyonka.

Taransifoma tukuna

Wanda zamu haɗa na amfiya 10 ne. Kana buƙatar taransifoma mai karɓar 230 ya fitar da bolt 18, kuma kada ka ce tunda amfiya 10 nake so na amfiya 10 zan saya, a'a, idan akwai manyan kafasita a bayansa wutar da yake bayarwa gutsure gutsure take fita da ƙarfi, don haka sai ka ninka da kamar 1.7, ka nemi mai amfiya 17 ko 18, wato wajen VA 300 zuwa 350. In ka shiga Kano, a Sabon Gari akwai masu kayan lantarki da masu naɗin koyil, ka kai musu ƙarfen tsohuwar sitabilaiza babba su naɗa maka, amma ka jaddada musu cewa naɗi biyu kake so daban daban, na shiga daban na fita daban, domin ita sitabilaiza asalinta naɗi ɗaya ne da ya haɗa ciki da waje, in aka bar shi haka wutar gida zata iya biyowa har jikin makirfo. In an baka, ka sa mita tsakanin wayar shiga da ta fita, dole ta nuna babu haɗi ko kaɗan.

Wasu suna kwance taransifoman injin ɗumama abinci su sake naɗa shi. Ni bana ba da wannan shawarar, naɗinsa na asali yana fitar da wajen bolt 2000 mai kashe mutum nan take, sannan ko an sake naɗin zafi yake yi ko ba a ɗora masa komai ba.

A ɓangaren shiga ka sa makunni da fiyus na amfiya 3 irin mai jinkirin tsinkewa, duk a kan wayar wuta, ka rufe kowane haɗi da robar nan mai tsukewa in taji zafi. Wayar as kuma, wato ta ukun nan mai kai wuta ƙasa in an samu matsala, ka ɗaure ta da noti a jikin akwatin ƙarfen. Yawancin gidajenmu na ƙauye soket ɗin babu as a cikinsa, to sai ka kafa rodi a ƙasa inda ke da danshi, bayan ɗaki wajen randa ko makwarara, ka jawo waya mai kauri.

Mayar da wutar ta miƙe

Daga taransifoma sai birij, wato dayod huɗu a haɗe masu mayar da wutar da ke kai da komo ta miƙe, ka sayi mai murabba'in nan KBPC3510 mai amfiya 35. Ƙafar da aka juya ta daban da sauran ita ce fulas, wadda ke kallonta ta kusurwa ita ce mainos, sauran biyun na taransifoma ne. Shi kansa yana cin wajen bolt 2, a amfiya 10 kenan wat 20 yake mayarwa zafi, don haka ɗaure shi zaka yi a jikin alminiyam da farin man nan mai ɗauke zafi, ba a barinsa yana lilo.

Sai kafasita, nan ne mutane ke yin rowa kuma nan ne gurnani yake shigowa murya. Wutarmu 50 Hz ce, bayan birij tana cika kafasita sau 100 a daƙiƙa, tsakanin cikawa da cikawa kafasita ce kaɗai ke riƙe da rediyon. Lissafin mai sauƙi ne, amfiya sau 0.01 a raba da girman kafasita a farad. In ka haɗa 10,000uF guda huɗu ka samu 40,000uF, wato 0.04, to 10 sau 0.01 a raba da 0.04 ya baka bolt 2.5 na faɗuwa. Bolt 18 na taransifoma ƙololuwarsa 25.4 ne, cire 2 na birij saura 23.4, cire 2.5 saura kusan 21. Mu kuma abin da muke so kada kwarin nan, wato inda bolt ya fi yin ƙasa kafin kafasita ta sake cika, ya sauka ƙasa da 18, kaga akwai sarari.

Amma fa wannan in wuta ta cika 230 kenan. Mu da muke ƙarshen layi mun san yadda take zuwa da magariba, in ta sauka 200 ka sake lissafin zaka ga kwarin ya dawo 17.6, ka zo bakin gaɓa, daga nan abokin maganarka zai fara ce maka muryarka tana gurnani. Maganinsa ka sa sitabilaiza a gaba, ko ka ƙara kafasita biyu. Haka in da ƙaramin janareta kake aiki, shi kuma hawa yake yi in an sauke masa kaya, shi yasa kafasitocin su zama na bolt 50, in babu to 35, kada ka kuskura ka sa na 25. Ka gicciya musu resista 470 ohm mai wat 5 domin ta tsiyaye su in an kashe, in ba haka ba ka kashe ka je sallah ka dawo suna nan cike, sukundireba ta taɓa sai tartsatsi ya cinye bakinta.

Daga fulas na kafasita ka sa fiyus na mota mai amfiya 15, shuɗin nan. Duk abin da zai biyo baya daga bayan fiyus ɗin zai sha, zan kira wajen layin ɗanya.

Taransistoci da zafi

Guda huɗu zaka sa, 2N3055, masu jikin ƙarfe kamar hula. A takarda kowacce tana ɗaukar amfiya 15 da wat 115, sai mutum ya ce to ai ɗaya ta isa. Wannan adadin in jikinta yana kan digiri 25 ne, mu kuma a bazara inuwa ma tana haura 40, ɗakin kwano kuwa sai wanda ya shiga. Abin da zasu ƙona shi ne bambancin ɗanya da 13.8, kamar bolt 8 sau amfiya 10, wat 80 kenan, ka tuna ayan ɗin da kake narka dalma da shi wat 40 ko 60 ne. In ka raba huɗu kowacce ta ɗauki 20, ta samu sauƙi.

Jabu sun yi yawa a wannan lambar. Ni yanzu in zan saya ina ƙara ɗaya a kai, in na dawo gida in sa zarto in yanke hular in leƙa, ta kirki zaka ga ƙwayar cikin da faɗi a kan farantinta da wayoyi masu kauri, jabu kuwa 'yar mitsitsiya ce kamar ƙwayar gero, wani lokaci an shafe ta da farin gam. Wadda ta kashe min rediyo da na buɗe ta irin wannan ce. In ka samu tsofaffi daga tsohuwar amfilifaya ta masallaci ko ta masu sanarwa da ta mutu, ka gwada su da mita, sau da yawa sun fi sababbin.

Jikin ƙarfen 2N3055 shi ne kalekta, don haka tsakaninta da alminiyam sai ka sa maika, siririn fallen nan mai hana wuta wucewa, da man zafi gaba da baya, notocin ma da 'yan robobinsu, ka gama ka sa mita ka tabbatar jikinta bai taɓa alminiyam ba. Kalekta huɗun duka su tafi layin ɗanya, bes huɗun a haɗe su waje ɗaya, amma emita kada ka haɗe su kai tsaye, kowacce ka bata resista 0.1 ohm mai wat 5 tukuna sannan ƙarshen resistocin su haɗu. Dalili, taransista in ta fi 'yan uwanta zafi sai ta ƙara jan wuta, in ta ƙara ja ta ƙara zafi, haka har ta ɗauke kayan duka ta mutu, resistocin nan su ke raba musu kaya daidai. Alminiyam ɗin ya zama babba mai haƙarƙari, irin na tsohuwar inbata, haƙarƙarin a tsaye domin iska ta hau, ka ɗaura masa fankar kwamfuta mai bolt 12.

Daga inda resistocin emita suka haɗu, sai wutar ta bi ta cikin wasu 0.1 ohm guda biyu masu wat 10 da aka jera kafaɗa da kafaɗa, sun zama 0.05 kenan, sannan ta isa jan noti na fita. Wannan ita ce resistar awo, yanzu zaka ga amfaninta.

Ƙwaƙwalwar abin

Aisi ɗin, wato ɗan baƙin guntun da zai riƙe bolt a 13.8, LM723 ne, mai ƙafa 14, tsoho ne amma har yau ana samunsa kuma da yawan fawa na kamfani da shi aka yi su. Ka sa masa soket a kan bero bod domin in ya mutu ka zare kawai. Ana ƙirga ƙafafun ne daga hagun ɗan yankan da ke kansa, ka sauko 1 zuwa 7, ka tsallaka ka hau 8 zuwa 14.

A cikinsa akwai ma'auni tsayayye na bolt 7.15 da ke fita a ƙafa 6, ka kai shi ƙafa 5 ta cikin resista 1.5k. Ƙafa 7 mainos ce. Ƙafa 11 ta tafi layin ɗanya kai tsaye, ƙafa 12 kuwa ka bi da ita ta dayod 1N4007 daga layin ɗanya, zanen dayod ɗin yana kallon aisi, ka sa mata kafasita 470uF tata ta kanta zuwa mainos. Wannan 'yar dabarar tana taimako sosai in wuta tayi ƙasa, domin manyan kafasita na faɗuwa suna tashi amma ita ƙaramar tana riƙe da ƙololuwa. Tsakanin ƙafa 13 da 4 ka sa ƙaramar kafasita 1nF, mai rubutun 102, ita ke hana shi kaɗawa.

Yanzu mai gaya masa bolt nawa ke fita. Daga jan noti na fita ka sa resista 2.7k, sai 'yar firiset 1k, wato resista mai ƙafa uku da ake murɗawa, sai resista 3.3k zuwa baƙin noti, ƙafar tsakiya ta firiset ta tafi ƙafa 4. Da wannan zaka iya murɗawa daga wajen 11.6 zuwa 15 da ɗoriya. Ka lura na ce daga kan notin fita zaka ɗauko, da siririyar waya tata daban, haka ita ma ƙafa 7 daga kan baƙin notin, saboda abin da aisi ya gani shi yake gyarawa, in ka ɗauko daga can ciki to faɗuwar da ke kan wayoyi bai san da ita ba.

Shi LM723 iyakarsa miliamfiya 150 ne, su kuma manyan huɗun in ana jan amfiya 10 bes ɗinsu na iya neman rabin amfiya, to sai a sa ɗan tsakani, TIP41C. In rubutunta na kallonka ƙafafun bes, kalekta, emita ne daga hagu. Ƙafa 10 ta aisi zuwa bes ɗinta, kalekta zuwa layin ɗanya, emita zuwa bes ɗin manyan. Ita ma a kan alminiyam da maika.

Saura ƙafa 2 da 3. Ƙafa 2 ta kama resistar awo ta ɓangaren taransistoci, ƙafa 3 ta ɓangaren fita. Duk sanda bolt ɗin da ke kan resistar ya kai wajen 0.65 sai aisi ya janye, 0.65 a raba da 0.05 ya baka amfiya 13, nan ne iyakarsa. Amma kada ka ɗauka zaka iya barin ja da baƙi a haɗe, a wannan halin taransistocin na shan sama da wat 250, 'yan daƙiƙu ne kawai ya baka ka kai hannu makunni.

Mai gadin rediyo

Wannan shi ne abin da ban sa ba a na farko, kuma kayansa duka basu kai kuɗin cajin waya na wata ba. SCR ɗaya mai ƙarfi, wato makunnin lantarki mai ƙafa uku, anod da katod da get, irin TYN640 mai amfiya 40, ko dai kada ya gaza 25. Anod ɗinsa a layin ɗanya bayan fiyus, katod a mainos, da gajerun wayoyi masu kauri. Sai zena mai bolt 15, wato dayod ɗin da ke buɗewa in bolt ya wuce adadinta, ɓangaren zanen a jan notin fita, ɗaya ɓangaren zuwa get na SCR, daga get zuwa mainos kuma resista 100 ohm da kafasita 100nF mai rubutun 104 a gefenta domin kada iskar rediyo ta tayar da shi a banza. Muddin fita na kan 13.8 barci yake. Ranar da ta haura wajen 15.7 zena zata buɗe, SCR ya haɗe layin ɗanya da mainos da gangan, fiyus ya tsinke kafin ƙiftawar ido. Wani lokaci shi ma SCR ɗin yana mutuwa a wajen, ba komai, ka sayi biyu ka ajiye.

Wayoyin da manyan amfiya ke bi ka yi su da 4mm, gajeru, daga birij zuwa kafasita, daga kafasita zuwa gaba. A kan notocin fita ka gicciya 470uF da 104 guda, in kana da zoben baƙin ƙarfen nan na cikin tsohuwar fawar kwamfuta ka zagaya ja da baƙi tare a cikinsa sau uku ko huɗu.

Ranar kunnawa

Kada rediyo ta kusanci wajen. Ka nemo ƙwan fitila na da mai zare, wat 60 ko 100, yanzu sun yi wuya amma masu kiwon kaji suna da su, ka katse wayar wuta kafin taransifoma ka sa shi a tsakani. In ka kunna yayi haske ya dushe, lafiya, kafasita ne suka cika. In ya tsaya da haske to akwai inda ya haɗe, kashe ka duba. Da farko ka cire fiyus na 15 ka auna kan kafasita, ka ga 24 zuwa 27. Kashe, jira su tsiyaye, sa fiyus ƙarami na amfiya 2, firiset a tsakiya, kunna ka murɗa a hankali har mita ta nuna 13.8.

Yanzu gwada mai gadi, kada ka yarda da shi baka ga aikinsa ba. Ɗauko zena mai bolt 12 ka taɓa ta a gefen ta 15 ɗin, zanensu duka a ɓangare ɗaya, take fiyus na 2 zai yi ɗas fita ta koma sifili. Ranar da na gwada nawa yaron shagona har ya zabura ya ce Oga ya ƙone, na ce masa a'a, wannan ƙarar ita nake nema tun bara.

Sai ka cire ƙwan gwaji, ka mayar da fiyus na 15, ka ɗora masa ƙwan fitilar mota na gaba, kowanne yana jan wajen amfiya 5, fara da ɗaya sannan biyu. Bolt a kan noti kada ya faɗi fiye da 0.1 ko 0.2. Bar shi minti 20 da rana ba da asuba ba, kana taɓa alminiyam, in baka iya barin yatsa daƙiƙa biyar to ƙara girmansa ko ƙara fanka. Ka auna bolt a kan resistocin emita ɗaya bayan ɗaya, kowacce wajen 0.25, in wata ta nuna sifili to taransistarta bata aiki sauran ne ke ɗaukar kayanta. Sai duk wannan ya wuce sannan ka jona rediyo, ka fara da ƙaramin wat, ka tambayi na ɗaya ɓangaren ko yana jin gurnani.

Mai babbar rediyo ta wat 100 tsarin ɗaya ne, ninkawa zaka yi: taransifoma wajen VA 700, birij KBPC5010, kafasita 80,000uF, taransista takwas, resistar awo guda huɗu a jere kafaɗa da kafaɗa, fiyus 30, na shiga kuma amfiya 5.

Akwatin kuma ka huda shi sama da ƙasa amma ka rufe hudojin da ragar taga, domin tsaka da kyankyasai suna son ɗumin ciki, na taɓa ciro tsaka a busshe a kan birij na wani. Lokacin hunturu duk sati biyu ka buɗe ka kaɗe ƙura daga haƙarƙarin da buroshi, da damina kuma in hadari ya haɗo ka zare filogi da wayar eriya duka. Kada ka yi cajin batir da shi. Ka manna fiyus biyu na ajiya a cikin murfin da salatif, kuma dan Allah ranar da na 15 ya tsinke kada ka ɗaura silin waya a wajen kamar yadda muke yi a mitar gida, cire rediyon tukuna, ka kwance emita ɗin kowacce 2N3055 ka auna tsakaninta da jikin ƙarfen, wadda mita tayi ƙara a kanta ta kowane ɓangare ita ce ta haɗe, ka canza ta, ka duba TIP41C da SCR su ma, sannan ka koma kan ƙwan gwaji daga farko.